Gorubar da Dodo Ke Murzawa

Kakata Iya Tabawa ba ta yin tatsuniya sai hannunta na kan aiki. Lokacin ɗari, bayan sallar isha'i, mukan kewaye wuta a tsakar gidanmu a Matamaye, tana kaɗi tana ba mu labari, wanda ya yi gyangyaɗi ta zungure shi da mazari. Ni na fi shan zunguri, wai ta yi rashin sa'ar miji.

A lokacin mulkin Nasara bai daɗe da zama ba. Wata rana da la'asar wani ɗan saƙo ya zo a kan doki, fuska cike da fara'a, ya ce kumandan na neman maza su taya gyaran hanya, kwana kaɗan ne, har da abinci. Babana ya ce zai je da safe. Da dare ya zo ya zauna kusa da mu yana jin ɗumi.

"Ga ta nan ta iso, mai barci ya yi asara," in ji Iya.

Wai wani dodo ne ya tare rijiyar gari. Duk mai son ruwa, dodo zai jefo masa goruba ya mayar da ita da sanda. In ya kuskure, dodo ya tafi da shi. Gorubar a hankali take zuwa, kamar jifar yaro. Amma da ta taɓa sanda sai ta kauce, ko ta yi sama ko ta nutse ƙasa. Maza suka yi ta ƙarewa. Sai wata yarinya ta zauna gefe, ta bar kallon goruba ta koma kallon yatsun dodo. Ta ga murza ta yake yi kafin ya saki, ta kuma gane inda yake murzawa. Da aka zo kanta ba ta tsaya jira ba. Ta tako gaba, ta karkata sanda, ta maka wa gorubar da ƙarfi, gorubar ta koma ta fasa goshin dodo.

"Abin da aka murzo," in ji Iya, idonta a kan babana, "in ka tare shi da sanyin hannu, inda mai jifa ya so can zai kai ka."

"Inna, ai kwana kaɗan suka ce."

"Na ji bakin ɗan saƙon. Igiyoyin nan da ke rataye a sirdinsa fa, na ɗaure abinci ne?"

Da asuba babana ya bi ta Ɗan Barto ya ƙetara wajen danginmu a ƙasar Daura. Waɗanda suka tafi gyaran hanya sai bayan damina suka dawo, kuma ba duka ba.

Na girma, na kama aikin akawu a Damagaram, can na koyi ƙwallon tebur. Akwai wani Bafaranshe da ke yi mini cin kaca da bugun farko kawai. Ƙwallo ta zo a sanyaye, ina taɓawa ta faɗa raga, ni kuwa ina ta zagin katakon da nake bugu da shi. Da na gaji da shan kashi na koma kallon wuyan hannunsa. In ya yanko ta ta ƙasa, in buɗe katako in ɗaga ta da ƙarfi. In ya shafo ta ta sama, in rufe in danne. Ranar na ci shi, na yi murna kamar yaro.

Amma har yau nakan tuna da wancan dare. Ni na yi ta kuskurewa ina sakewa kafin in gane. Babana jifa ɗaya aka yi masa, kuma da tsohuwar nan ba ta kalli hannun ba, da ya tafi.