Jan Layin Mama Saratu

Shekara arba'in cur Mama Saratu Filibus ta yi tana barin gidanta a Tirkaniya da ƙarfe bakwai na safe, ta nufi Lambun Murna, filin wasan nan da ke tsakanin Kakuri da Makera. A jakarta kullum akwai gorar ruwa, da ɗan gwangwanin jan fenti, da wata ƙusa mai tsawon yatsa. Kafin a buɗe ƙofa za ta share gindin babban lilo, wannan mai kujeru goma sha biyu da ke ɗaga mutum sama har ya hango kogin Kaduna. Sai ta bi kujerun ɗaya bayan ɗaya tana jijjiga sandar tsaronsu da hannunta, sannan ta koma ta tsaya a bakin rumfarta. Aikinta shi ne auna yara. A bangon katakon rumfar akwai jan layi, duk yaron da kansa bai kai layin ba, ba zai hau ba, domin ƙaramin yaro yana iya zamewa ta ƙarƙashin sandar.

Tana da shekara ashirin da biyu aka buɗe lambun, a lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki ba tsayawa. Ranar Asabar ma'aikata kan zo da iyalansu cikin atamfar da su da kansu suka buga. Ran Kirsimeti a cika, ran Sallah a cika, kuma ba wanda ke tambayar wani daga wace unguwa ya fito. Daga Zariya da Kafanchan ake ciko motoci da 'yan makaranta don kawai su hau wannan lilon.

Yara kuwa ba dabarar da ba su gwada mata ba. Mai ɗage, mai cusa takarda a takalmi, mai zuwa da kitson da aka tayar sama kamar hasumiya. Duk a banza.

"Cire takalmi. Sauke dunduniya, ina ganinka," haka take cewa, ta ɗora tafinta a kan yaro ta danne gashin.

In bai kai ba, nan ake kuka, nan kuma ta bambanta da kowa. Ba ta korar yaro. Sai ta ciro ƙusarta ta karce katakon daidai inda kansa ya tsaya, ta tsoma bakin ƙusar a fenti ta rubuta sunansa da shekarar.

"Ga ka nan, saura yatsa biyu. Ka je ka ci wake. Ranar da ka kai layi, ni da hannuna zan sa ka a kujerar farko."

Zakariyya'u mai tsire, wanda ya yi shekara talatin yana gashi a gefen rumfarta, yana nan ranar da wani babban mutum ya zo da ɗansa da masu tsaronsa. Yaron ya gaza da yatsa ɗaya. Uban ya tambaye ta ko ta san shi waye.

"Na sani, ranka ya daɗe," in ji ta. "Amma sandar nan ba ta san ka ba."

Ya yi faɗa, ya kira manajan wancan lokacin, aka yi mata barazanar kora. Ba ta matsa ba. Yaron bai hau ba, sunansa ya shiga katako kamar na kowa. A shekara arba'in ba ɗan kowa da ya taɓa faɗowa daga lilon nan, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi dalili.

Ke ce wannan dalilin, Mama Saratu. Ke ce mai jan layi, wadda aka zaga da safe aka gode wa da yamma. Kin sha rana, kin sha ruwan sama, kin sha baƙar magana daga iyayen da kike tsare musu 'ya'ya.

To, sai ga sababbin masu lambun da sabon manajansu, Oga Sam, sun ce za su yi bikin cika shekara arba'in, wai don a tuna da zamanin da. Abin da suka fara yi don tuna zamanin da shi ne rushe rumfar Mama Saratu. A wurinta suka kafa wani raƙumin dawa na roba mai lambobi a wuya don auna yara. A bakin ƙofa suka rataya manyan hotunan wasu yara suna dariya, hotunan da ko makaho ya shafa ya san ba a Kaduna aka ɗauke su ba. Ita kuwa aka ba ta takarda cewa ƙarshen wata ta huta, kuma sunanta bai fito ko a ƙasan takardar gayyata ba.

Ba korar ce ta dame ta ba, gwiwoyinta sun daɗe suna neman hutu. Katakon ta tambaya.

"Haba Mama, wannan ruɓaɓɓen abin?" in ji Oga Sam yana duba wayarsa. "Ai zai ɓata mana hoto. Na ce a kai wa mai tsire ya hura wuta."

Wuta! Sunayen yaran gari guda, a gasa nama da su! Ma'aikata sun jibge katakan a bayan tukuba, Zakariyya'u ya cusa biyu a wuta bai lura ba. Da ya ɗauko na uku ya juya shi, sai ya ga jan rubutu. Nan take ya fasa cusa shi. Ya loda sauran shida a baro ya tura da kansa har Tirkaniya.

"Ki yafe mini, Mama, biyu sun tafi," ya ce mata a ƙofar gida. "Wallahi da na sani, gara in rufe tukubar."

Ta zauna ta bi katakan da yatsa har ta gane waɗanda suka ƙone. Shekarun farko ne, na 'ya'yan ma'aikatan masaƙa. Ranar ta yi kuka, ba ta ɓoye ba.

Duk mai son sanin abin da Oga Sam ya kira ruɓaɓɓe, ya je ya karanta. Blessing na kusa da Dije, Samson na ƙarƙashin Habibu, Gloria da Rakiya layi ɗaya suka raba saboda tsayinsu ɗaya. Daga shekarar 2000, bayan rikicin da ya sa mutane suka kwashe kayansu wasu suka haye kogi wasu suka hayo, sai ka ga irin su Dije sun yi ƙaranci a katakon har sun kusa ɓacewa. Ba wani littafi da ya nuna mana abin da muka rasa a fili kamar katakan nan shida da ke jingine a barandar wata tsohuwa, an rufe su da leda saboda ruwa.

Labari ya yaɗu daga bakin mai tsire. Ranar Laraba da ta wuce wata mata ta yi sallama a gidan, da hijabinta, ta ce daga Unguwar Sanusi take, sunanta Dije, ma'aikaciyar jinya ce. A Makera aka haife ta. Ran Sallah aka auna ta tana shekara bakwai, bayan 'yan makonni iyayenta suka tashi, ba ta sake taka lambun ba.

Mama Saratu ta miƙe. Ta yaye ledar, ta bi katako na huɗu da yatsa, ta tsaya.

"Ga ki nan. Saura yatsa uku. Cire takalmi."

Dije ta cire, ta jingina bayanta da katakon tana dariya tana share ido. Tsohuwar ta miƙa hannu ta danne mata kai.

"Kin wuce, 'yata. Kujerar farko taki ce, na yi miki alkawari."

"Sai dai mu hau tare, Mama. Yaya garin yake daga can sama?"

"Ina na sani? Ni ban taɓa hawa ba."

"Shekara arba'in?"

"In na hau, wa zai tsaya a layi?"

Ranar Asabar za a yi bikin. Oga Sam ya ce katakan ba za su shiga lambunsa ba. Shi ke nan, bakin titi ba nasa ba ne. Zakariyya'u zai turo su a baro ya jingina su a jikin katanga daga waje. Duk wanda aka taɓa danne masa kai a wurin nan, daga Narayi yake ko daga hayin kogi, ya zo ya nemi sunansa, ya tsaya kusa da shi har masu lambun su ji kunya su buɗe wa katakan ƙofa. Wanda kuma aka ba shi tsaron wani abu a wurin aikinsa, komai ƙanƙantarsa, ya zo ya ga yadda ake riƙe amana.

Mun gode, Mama Saratu. Allah ya saka miki, ya ƙara wa gwiwoyinki ƙarfi. Ranar Asabar ki ajiye ƙusar, ki riƙe hannun Dije, ki hau ki ga garin da kika yi renon 'ya'yansa. Mu za mu tsaya miki a layi.