Mutanen Majigi Masu Ci da Hagu

Ku matso, jikokina, ku ba ni kunne. Ga ta nan tafe, amma wannan da idona na gan ta.

Ina yarinya a Yankara, tun Turawa ba su tafi ba, dandalin ƙofar gidanmu na kakata ne, Iya Tabawa. Bayan isha'i takan hura wuta da kara, yaran unguwa su kewaye ta, ba mai ko tari sai ta dire tatsuniya.

Wata shekara, bayan an yanke dawa, mai gari ya aiko cewa za a kawo majigi, kuma dandalin Iya ya fi faɗi. Aka share, aka yayyafa ruwa, aka kwashe duwatsun murhunta, aka ɗebe tabarminta ba a tambaye ta ba. Mai shela ya zaga da tsari: maza a gaban farin ƙyalle, mata da 'yan mata a bayansa, tunda hoton yana ratsowa. Yayana Sule aka zaɓa ya riƙe igiyar ƙyallen, can gaba, kusa da motar majigin. Kwana biyu ban yi mashi magana ba.

Iya ta ce ba ta zuwa. Da injin ya tashi, sai ga ta a bayana cikin lulluɓi. A jikin ƙyallen muka ga mutane suna noman auduga, suna gaisawa, suna cin tuwo, duk da hannun hagu. Iya ta ja tsaki, amma ba ta ƙifta ido ba.

Washegari yara suka zo, bakin kowa majigi. Iya ta maida duwatsunta, ta ƙulla mana labarin wani gari da suka sami fitila mai magana, suka kori tsofaffinsu. Da ba mai kwaɓarsu, sai suka koma ci da hagu, albarka ta gudu daga rumbunansu. Ta ce ai jiya mun gan su da idonmu.

Sule ya ce, "Iya, da dama fa suka ci."

"Kai ɗan nema, ni za ka ƙaryata don an ba ka igiya?"

Maza suka goyi bayansa. Ni kuwa na rantse da hagu ne, har da ƙari, don in ga ya ji kunya. Iya ta ce duk mai cewa dama ya tashi mata daga wuta. Rabin dandali ya tashi, kuma ba su dawo ba.

Sai da na yi aure, a wani majigi a Faskari, na rasa wurin zama na tsaya daga gefe. Na leƙa gaba, na leƙa baya. Ashe daga baya komai juyewa yake. Ba wanda ya yi ƙarya a wancan daren na Yankara. Kishi ne kawai ya hana ni da Iya mu tambaya.

Iya ta rasu tana cewa majigi ya ƙwace mata mazan jikokinta. Sule ya bi mota, ya zama direba, a Sabuwa aka binne shi. Ni na gaji wutar. Har ya koma ga Allah ban ce mashi ya yi gaskiya ba. Ku ne na fara faɗa wa.