Ƙarfen da Goggo Ravdna Ta Ƙi Canzawa

A ƙauyenmu Máze, can arewacin duniya inda ƙanƙara ke rufe ƙasa kuma ake kiwon barewa, Goggo Ravdna ce mai gyaran baburan ƙanƙara. Cikin kulocin kowane babur akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe, iri biyu ne. Mai tsayayyen gangare yakan sa babur ya zabura a daskararriyar hanya, mai kwantacce kuwa shi ke jan kaya cikin ƙanƙara mai laushi. Ba ta zaɓa wa mutum sai ta hau bayansa sun zaga, ta ga yadda yake danna totur.

Ran da ta hau bayana, muna tsayawa ta ranƙwashi hular kwanona. "Kai makiyayin barewa ne ko ɗan tsere? Kwantacce zan sa maka, ja'iri!"

Nata babur kuwa na marigayi mijinta Heaika ne, mutum mai wutar ciki, kuma tsayayyen ƙarfensa na ciki har yau. Kullum sai baburin ya kafe da ita a ƙanƙara mai laushi, ta sauka ta tura.

Na ce, "Haba Goggo, ki canza mana."

Ta harare ni. "In na taɓa totur ya fizge ni, Heaika ne ke tuƙi. In sauke shi don na gaji da turi?"