Ɗakin Kifi a Gaya

Zamanin da Faransawa ke aikin gadar da za ta haɗa Gaya da Malanbil na fara shiga garin, ina sabon tela. Daga ƙauyenmu na wajen Jinju na taso da keken ɗinkina, don na ji an ce ma'aikatan gada sun yi yawa, kuma kullum tufafinsu cikin yagewa suke. Kamiyo, wato babbar motar kaya, ya sauke ni bakin kasuwa da azahar, jajibirin ranar cinta, hadari na haɗuwa a gabas.

Na ɗora keken a ka na nufi gidan wani fatoma, mai saukar da fatake, wanda kawuna ya kwatanta mini. Na tarar da zaurensa maƙil da masu gishiri da masu goro. Ya dube ni, ya dubi kayana, ya ce, "Samari, ko akuya ka kawo ba ni da inda zan ɗaure ta. Ka koma gida sai bayan damina."

Na ce, "Baba, ban zo da niyyar komawa ba."

Haka na bi gari ƙofa ƙofa. Wani gidan a ba ni ruwa a ba ni haƙuri, wani gidan a amsa mini da Dandanci, in kasa gane komai sai girgiza kai. Wuyana ya sage. Wani direba ya ce in zo ya mai da ni kyauta, na yi masa godiya na wuce.

Da la'asar na gangara bakin kogi. Can na iske wani tsoho masunci yana gyaran taru. Hausarsa kaɗan ce, amma ta ishe mu. Na gaya masa buƙatata. Ya nuna wani ɗan ɗaki na bayan gidansa, inda yake ajiye bandar kifi.

"Ɗana, mutum ba ya kwana nan. Wari."

"In ka yarda, ni zan kwana."

Ya yi dariya har ya saki tarun. Muka kwashe kwandunan kifi muka kai rumfa. Na share, na kankare ƙasa, na zuba toka, matarsa ta kawo garwashi da turare. Ruwa ya sauko ina tsakiyar aiki, rufin na yoyo ta kusurwa guda, sai na tuɓe rigata na lulluɓe keken.

Da safe na kafa shi a ƙofar ɗakin. Wanda ya fara zuwa wani ma'aikacin gada ne da wandonsa a yage. Da na gama ya shinshina, ya ce, "Malam tela, ɗinki na kawo ko miya?" Duk da haka washegari ya dawo da abokansa.

Damina ta ƙare ina ɗakin nan. Na yaɓe bangon, na sake jinka, na koyi Dandancin da zan yi ciniki da shi. Da kaka ta yi, na aika gida aka kawo mini matata.