Lugude a Gidan Maƙwabta

Unguwarmu ta bayan tsohuwar tasha a Tambuwal, da can kangaye ne da awaki. Da aka zuba kwalta aka gyara lambatu, sai mutane suka dawo. Wata Bayarabiya ta buɗe shagon ɗinki, Zabarmawa suka kama gidan kan kwana, wani Ibo mai sayar da kayan babur ya tare da iyalinsa jikin katangarmu. Da la'asar ƙamshin miya iri-iri kan haɗu a lungu, harsuna suna ta shawagi ta kan katanga. Nakan shagala da saurare har abin da ke kan wuta ya kama.

Nan na kawo Inna daga Kebbe, shekarar da mahaifinmu ya rasu. Kullum maganarta ɗaya: "Ɗiyata, gida nika so. Wanga gari ko daka ba a yi, sai inji." Ta daina cin abincin kirki. Na tsorata ƙwarai, don in ta koma, ita kaɗai za ta zauna a gidanmu na can, ba mai miƙa mata ko ruwa.

Wata la'asar muna tsakar gida, sai muka ji tim, tim daga gidan Ibo. Inna ta ɗaga kai, idonta ya tafi can nesa, kamar mai jin kira. Ta ja mayafi ta fita, na bi ta.

Matar gidan ce ke kirɓa sakwara. Inna kuwa ba ta taɓa ganin an daka doya ba. Daga sallama sai ta karɓe taɓarya, wai za ta nuna mata luguden Kebbe, a cilla sama, a tafa, a cafe. Ta cilla, doya ta riƙe taɓarya gam. Ta fizga da ƙarfi, curi guda ya taso ya manne mata a mayafi.

Matar ta yi dariya har da hawaye. Sai na ji dariyar Inna, wadda rabona da jin ta tun kafin takaba. Matar ta tsoma bakin taɓarya a ruwa ta sake miƙa mata, suka ƙarasa tare.

Da muka iso ƙofar gida, Inna ta ce, "Gobe ki aika Kebbe a ɗauko min turmina. Yarinyar ga ba ta san gero ba, sai na koya mata."