Inna Ta Tafi Ruga

Ni na ƙirƙiro ƙaryar, kada a ɗora wa kowa. Baffa, mahaifinmu, bai ce a yi ba, Goggo ma shiru kawai ta yi. Ni ce mai bakin gidanmu a lokacin, ina da shekara ashirin da goyon fari a baya, ina ganin duk garin Yerwa, wato Maiduguri, babu wanda ya kai ni wayo.

Adda yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara huɗu. An haife ta da irin halittar nan da likitocin yanzu suke kira ciwon Dawun: fuska zagayayya, idanu ƙanana masu ɗan karkata, yatsu gajeru, harshe mai nauyi. A zamaninmu ba mu san wani suna ba. Masu kirki su ce baiwar Allah, marasa kirki su ce wawiya, in kuwa a kunnena aka faɗa sai inda ƙarfina ya ƙare. Na taɓa fasa wa wata yarinya baki a bakin rijiya saboda haka, har yau kuma ban yi nadama ba. Sai dai duk wannan faɗan da nake yi dominta, ban taɓa iya zama in saurare ta ba. Tana fara magana sai in ƙarasa mata, in ce ai na gane, in wuce.

Inna, mahaifiyarmu, ita ce ta iya da ita. Ba ta yi mata magana daga tsaye, sai ta zauna, ta kama hannunta, ta faɗi abu ɗaya, ta yi shiru. Shirun nan shi ne yake kashe ni. Ko tukunya na ƙonewa Inna ba za ta motsa ba sai Adda ta kai ƙarshen maganarta. Ita kuwa Adda in an jira ta, maganarta tana fita daidai, wani lokacin har da ba'a a ciki. Wankin ƙore shi ne aikinta a gida, ta kuma san ta kowa, ba ta taɓa haɗa ƙwaryar wani da ta wani ba.

Kakanninmu makiyaya ne, amma Baffa ya zauna a gari ya zama fatoma, wato mai saukar da baƙin da suka koro shanu daga daji, ya kuma nema musu masu saye a kasuwa. Zaurenmu ba ya rabo da baƙi. A shekarun da jiragen sama suka yawaita sauka a bayan gari saboda yaƙin Turawa, wata bazara sanƙarau ya shigo unguwarmu. Da ya kama Inna, a ranar Baffa ya sa aka kai Adda gidan Goggo, ƙanwarsa, a Tsohon Maiduguri, don kada ta ɗauka. Kwana uku Inna ta yi. Na baro gidan mijina na dawo gida, muka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, babu wanda ya tura a ɗauko Adda.

Da jama'a suka watse, Baffa ya kira ni da Goggo ya ce, "To, yaya za a yi da yarinyar nan?"

Ban ko yi tunani ba na ce, "A ce mata Inna ta tafi ruga wurin su kawu, ta sha nono ta ji ƙarfin jikinta. Ba za ta gane mutuwa ba, kuka kawai za mu sa ta. Nan da damina ta manta."

A gidanmu ba baƙon abu ba ne, wanda ya tashi daga ciwo a kai shi ruga ya murmure. Baffa ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce Allah ya sa hakan ne alheri.

Da aka dawo da ita gida, ni na faɗa mata, daga tsaye, ina gyara goyona. Ta dube ni ta ce, "Ba sallama?" Na ce sauri ake yi. Ta shiga ɗakin Inna ta daɗe, ta fito riƙe da ƙwaryar furarta ta ce, "Ta manta." Na ce a ruga ƙore sun fi mutane yawa, ta mayar.

Abin da ban hango ba shi ne zauren Baffa. Adda ta san daga daji baƙin nan suke zuwa, ta kuma san ruga a daji take. Duk ayarin da ya sauka, sai ta je bakin ƙofar zaure ta durƙusa, ta gaishe su tiryan-tiryan, sannan ta ce, "Kun ga Inna?" Dole Baffa ya riƙa jan kowane baƙo gefe yana roƙonsa. Dattawa masu furfura, waɗansu ko sunan Inna ba su sani ba, suka riƙa cewa, "Mun gan ta, tana lafiya, tana gaishe ki." Adda ta dawo cikin gida tana ta murna, ta rungume ni. Ta fara ɓoye ɓarin goro a bakin zaninta tana ba su saƙo. Wallahi na sha ganin Baffa ya tashi daga zaure ya zagaya bayan gida don kada a ga fuskarsa.

Muna da maƙwabciya, wata tsohuwa Babarbariya, ƙawar Inna ce ta shekara da shekaru. Tsakaninmu da ita kullum wasa ne irin na Fulani da Barebari, ta kira mu bayinta, mu kira ta baiwarmu. Wata safiya ta shigo, muka yi wushe wushe, gaisuwarsu ta Barebari, ta ga Adda tana wanke ƙwaryar Inna tana kifewa. Ta ja ni gindin darbejiya, da Hausarta mai karyewa ta ce, "Ke 'yar Fulani, abin da kuke yi wa saniya shi kuke yi wa 'yar mutum? Maraƙi ya mutu, ku cusa ciyawa a fatarsa, ku ajiye mata tana lasa don nono ya zo?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Iya, wannan ba wasa ba ne."

Ta ce, "Wa ya ce miki wasa nake yi?"

Na juya mata baya na shige ɗaki, kwana biyu ban gaishe ta ba.

Saura kwana shida a yi sadakar arba'in, wani baƙo daga wajen tafki ya sayar da shanunsa zai koma. Mutumin kirki ne, tausayi ne ya kai shi. Da Adda ta miƙa masa goro, sai ya ƙara wa miyar gishiri, ya ce, "Innarki ta ce tana kewarki, ta ce yaushe za ki zo?" Da hantsi shi da ayarinsa suka kama hanya. Da azahar muka nemi Adda muka rasa, ƙwaryar Inna ma babu ita.

Na shiga uku! Bazara ce, ƙasa tana ƙona ƙafa, ga Adda ba ta da sauri, ga ta da saurin haki. Baffa da maza suka bi hanyar kasuwar shanu, ni na ajiye wa tsohuwar nan ɗana ba tare da na iya haɗa ido da ita ba, na bi sawun ayarin. Can bayan Tsohon Maiduguri na same ta, a gindin wata tsamiya, inda hanya ta rabu biyu. Mutanen sun yi mata nisa tun tuni, ba su ma san tana bin su ba. Leɓɓanta sun bushe, ƙafafunta sun yi bororo, ta rungume ƙwaryar a ƙirji. Da ta gan ni ta nuna hanyoyin ta ce, "Wacce?"

Bakina ya buɗe zai sake wata ƙaryar, har na shirya ta: an ce Inna tana hanya, mu koma mu jira ta. Sai na ga gobe ma wani ayarin zai tashi, jibi ma haka. Na zauna a ƙasa. Na kama hannunta, karo na farko da na tuna na taɓa yin haka.

Na ce, "Adda, na yi miki ƙarya."

Na yi shiru, na cije harshena. Ta dube ni.

Na ce, "Inna ba ta ruga. Inna ta rasu."

Shirun da ya biyo baya ya fi duk wanda na sani tsawo. Ina so in yi ta zuba, in ce ciwo ne, in ce don ke muka yi, amma na daure. Can ta ce, "An wanke ta?"

Na ce an wanke ta.

"An yi salla?"

Na ce an yi.

"An kai ta?"

Na ce an kai ta, tun kwana talatin da wani abu.

Ashe ta san komai, bi da bi. Yaya ma za a yi ba ta sani ba? Duk gidan rasuwar da Inna ta je a unguwar nan, Adda tana biye da ita riƙe da buta. Ni da nake cewa ba za ta gane mutuwa ba, ta fi ni zuwa ta'aziyya. Ta yi kuka sosai, da ƙarfi, har masu wucewa da jakuna suka tsaya. Da ta lafa sai ta ce, a hankali, tana neman kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "Mutane sun zo?"

Na ce sun zo, gida ya cika.

"Sun gaishe ki?"

"Sun gaishe ni."

"Ni fa?"

Wani mai jaki ya taimaka ya ɗora ta, muka dawo gida. Kwana biyar ba ta yi mini magana. Tuwon da na tuƙa ba ta ci, sai na Goggo. In na shigo ɗaki ta juya fuska bango. Baffa ya je da kansa ya durƙusa a gabanta ya nemi gafara, ta shafa masa gemu ta yafe, ni kuwa ko kallo. Ta ƙona mini rai ƙwarai, na kuma san na cancanta.

Na je wurin tsohuwa na sunkuyar da kai na faɗa mata abin da Adda ta tambaya. Ba ta ce ai na gaya miki ba, Allah ya saka mata. Ta ɗauki mayafinta, muka bi gidajen unguwa ɗaya ɗaya, muna roƙon mata: ranar arba'in in kun zo, akwai babbar 'yar mamaciya da ba a yi wa gaisuwa ba.

Ranar muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Goggo ta zaunar da Adda a gaba, inda babbar 'ya take zama. Tsohuwa ce ta fara. Ta wuce ni, ta wuce Goggo, ta durƙusa da guiwoyinta masu ciwo a gaban Adda ta ce, "Ya haƙuri?" Ta jira.

Adda ta gyara lulluɓinta ta ce, "Da godiya."

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

"Amin. Allah ya ba da lada."

Haka mata suka yi ta zuwa har la'asar, Barebari da Shuwa da namu. Waɗansu suna sauri, tsohuwa ta harare su, su koma su tsaya sai Adda ta gama amsawa. Ba ta gaji ba, ba ta tsallake kowa ba. Ni ina gefe ina raba gumba, ina share ido da bakin mayafi.

Da aka watse, na zo naɗe tabarma. Adda ba ta tashi ba. Ta riƙe gefen tabarmar ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Saura ke."

Na saki abin da ke hannuna na durƙusa. Na ce, "Adda, ya haƙuri?"

Ta ce, "Da godiya."

Na ce Allah ya jiƙan Inna, ta ce amin. Na yunƙura zan tashi, sai ta kamo hannuna da gajerun yatsunta ta mayar da ni ƙasa. Ta daɗe tana haɗa maganar, ni kuma na jira.

Ta ce, "Ke ma innarki ce. Ya haƙuri?"