Tambayar Makon Farko da Ban Amsa wa Malama Rabi Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malama Rabi ta rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsaye ina tace gasara. Wayata ta yi ta ƙara a kan tabarma, na ɗauka 'yan guruf ɗin karatunmu ne da gardamarsu ta kullum. Ashe ɗiyarta ce ta rubuto daga wayar Malama: Mama ta cika bayan sallar Asuba, jana'iza ƙarfe sha ɗaya a Kusfa.

Na shiga ɗaki, na fito, na sake shiga. Na ɗaura ɗankwali na kwance. Maigidana ya tafi jana'izar, ya ce in jira ya dawo ya kai ni gaisuwa. Na kasa zama, shi ya sa nake wannan rubutun.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Malama ta koyar da bayoloji a sakandare har ta yi ritaya. Da na shiga kwas ɗin kimiyya da ake yi ta intanet, ita aka ba rukuninmu na cikin birni. Darasi ya zo a waya da Turanci, ita kuma ta biyo shi da bayani da Hausa.

Makon farko tambaya ɗaya ce tak a shafin kwas: me ya sa kake sha'awar bayoloji?

Wani mai Turanci a cikinmu ya tsara amsa mai kyau, wai don ya taimaki al'umma. Muka kwafe gaba ɗayanmu. Har da wanda ya manta bai canza sunan ba.

Washegari sai ga muryar Malama a guruf: "Sannunku da taimakon al'umma. Duk ku ɗin nan? To, al'umma ta gode. Yanzu kowa ya goge. Ku ɗauki murya da Hausa, ku gaya min abin da kuka taɓa tsayawa kallo har kuka manta da aiken da aka yi muku."

Ta ce ba za ta sa wa kowa hannu a kan aikin makon farko ba sai ta ji dalilinsa na gaskiya. Wanda kuma ba a sa wa hannu ba, ba shi ba jarrabawa.

Sai amsoshi suka fara zubowa. Malam Idi, wanda gidansu jima suke yi, ya ce tun yana yaro yake son sanin abin da ke cikin bagaruwa da take hana fata ruɓewa. Anti Talatu ta ce awakinta biyu farare tas suka haifi baƙi, shekara biyu ke nan tana zargin bunsurun maƙwabta. Ranar da aka yi darasin gadon halitta Malama ta ce, "Talatu, ki je ki ba bunsurun nan haƙuri."

Ni kuwa na zauna na tsara tawa. Na ce tun ina ƙarama nake mafarkin farar riga, ina gudu a barandar asibiti, ina ceto rai.

Ta kira ni ni kaɗai. "Sadiya, wannan likitar taki a shafi na nawa take? Ta auri mai asibitin a ƙarshe?"

Na yi dariya har da hawaye. Ta san ni da littattafan soyayya. Ta ma taɓa aron ɗaya, ta dawo min da shi da gyara da fensir. Inda aka ce zuciyar yarinyar ta tsaya cak na minti biyar da ta hango masoyinta, Malama ta rubuta a gefe: da tuni an kai ta.

Ba ta sa min hannu ba. Ba ta kuma tona ni a guruf ba.

Da hantsi take kirana, don ta san lokacin ne mace ke samun sarari. In natwok ya ƙi a unguwarmu, sai ta karanto min darasin gaba ɗaya da muryarta, ana jin tari yana katse ta, ta ce "afuwan" ta ci gaba.

Alhamis ɗin da ta wuce ta zo suna kusa da mu a Ƙofar Kibo, sunan da ni ban leƙa ba. Sai kawai na ji sallamarta a tsakar gida. Ta zauna ta cire takalmi, ƙafafunta a kumbure. Na kawo lemo ta ce a'a, ruwan randa take so.

"Saura ke kaɗai," ta ce. "Mako tara ke nan."

Na yi ta murza bakin zanina.

"Darasin ganye kin yi shiru. Na jini kin yi shiru. Da aka zo kan yadda ɗa ke girma a ciki, tambaya bakwai kika turo min ta gefe, kowacce wai wata ƙawarki ce." Ta kurɓi ruwan. "Ki gaida ƙawar taki. Ki ce mata ba bokitin da ta ɗauka ba ne. Sau da yawa ba laifin kowa ba ne."

Ban iya ɗaga kai ba.

"Ba sai a guruf ba, 'yata. Ni kaɗai zan ji."

Na ce, "Zan turo, Malama. Bayan Juma'a."

Juma'a ta wuce, Asabar ta wuce. Sau uku ina danna ɗaukar murya ina gogewa.

Yanzu wani malamin za a ba mu. Na san in na tura masa ta taimakon al'umma zai sa hannu, bai san ni ba. Amma ba zan shiga jarrabawar Malama da ƙarya ba. Na kuma san gwaggonnina suna karanta wannan shafin nawa, za su ce yarinyar nan ba ta da kunya. Ku yi haƙuri, Gwaggo. Kunyar ce ta sa na makara.

Malama, babu wata ƙawa. Ni ce.

Bara na yi rashin da ba a yi masa zaman makoki. Ciki ne na wata uku. Aka ce in yi shiru, amarya ba ta faɗin irin wannan. Aka dama min kunun kanwa, washegari kowa ya koma harkarsa. A littattafan da nake karantawa layi ɗaya ne kawai: bayan wata tara ta haifi santalelen yaro. Ni wata taran nan nake son sani, rana bayan rana. Me ke faruwa, a ina abin yake tsayawa, kuma ko akwai abin da mace za ta iya yi.

Shi ya sa na shiga bayoloji.

Yanzun nan na saka dalilin nan haka a shafin kwas, da Hausa, da sunana. Zan zauna jarrabawar in Allah ya yarda.

Ya Allah ka jiƙan Malama Rabi, ka yalwata mata kabarinta, ka sa duk bayanin da ta maimaita mana ba tare da ƙosawa ba ya bi ta da lada. Ka ba 'ya'yanta juriya.

Don Allah, duk wanda ya karanta har nan, kada ya wuce. Ku tsaya ku yi mata addu'a da sunanta. In da saura, ku sa da ni.